Motar Gawayi a Hanyar Buipe

Shekarar da na tafi ƙaro karatu a Kumasi, 'yata ba ta cika shekara uku ba. Ni malamar firamare ce a Tamale, kuma da damar ta samu, duk gidanmu aka ce in tafi. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta ce ita za ta riƙe yarinyar a gidanmu na Zogbeli, tunda maigidana aikinsa gyaran famfon burtsatse ne a ƙauyuka, yau yana gari, gobe yana daji.

A zangon farko yarinyar takan karɓi waya ta yi mini gwarancinta. A zango na biyu sai ta daina. Mma za ta kara mata wayar a kunne, in yi ta kira, in yi mata waƙa, ba abin da zan ji sai numfashinta, daga nan sai ƙarar silifas ɗinta ta ruga tsakar gida. Mma ta ce, "Yarinta ce, ke dai yi karatunki." Ni kuwa sai in kwanta ina juya abin a raina har barci ya ɗauke ni.

Muna da wata tsohuwar mota ƙarama, wadda zamanta a ƙofar gida ya fi tafiyarta yawa. Ana gab da yin hutu maigidana ya kawo ta Magazin, unguwar makanikan Kumasi, don a duba injin. Ya bar ta a can ya koma a bas, da nufin in an yi hutu ya dawo ya ɗauke mu, ni da motar. Sai ga shi babur ya zame da shi a taɓo a wata hanyar ƙauye, ya samu targaɗe a idon sawu, har ba ya iya taka ƙasa. Ya kira ni ya ce, "Ki bar motar nan wurin makaniki, ki hau bas. In na warke na je na ɗauko."

Na ce, "Ni zan kawo ta."

Ya yi dariya. Da ya ji ban taya shi ba, sai ya gane da gaske nake.

Ina da lasin, wannan ba ƙarya. Amma tuƙina bai wuce daga Dabokpa inda muke haya zuwa Zogbeli ba, shi ma sai ran da aka yi ruwa. Sauran ranaku babur ɗina nake hawa kamar kowace macen Tamale. Har yau ban san abin da ya shiga kaina ba. Ina jin dai na gaji da zama ina jiran a zo a kai ni wurin 'yata.

Maigidana ya ce a'a, Mma ta ce a'a da rantsuwa. Maganar ta kai kunnen mahaifina, Baba. Shi tsohon direban lori ne, ya yi shekaru yana kai shanu Kumasi yana dawowa da goro, har yanar ido ta sauke shi daga mota. Ya ce a miƙo masa wayar.

"Kina so ne, ko kunyar janye magana kike ji?"

"Ina so, Baba."

"To bismillah. Ki tashi da an sallame asuba. Kada ki yi tsere da kowa. Babbar mota in ta matso bayanki, ki raɓe ki ba ta hanya, titin ba gadon gidanmu ba ne. Kowane gari kika shiga ki kira ni. Tsayawa za ki yi ki kira, ba ki kira kina tafiya ba."

Haka na yi. Na loda akwatina da littattafai da bokiti da burodin tsaraba, na karanta duk addu'ar da na sani, na fito. Kumasi ba ta san safiya ta yi wuri ba. Ko kafin rana ta fito motocin torotoro, wato ƙananan bas na haya, sun cika titi, kowa na kutsa hanci ta inda ya ga dama, yaran mota na dukan jikin mota suna kiran sunayen unguwanni. Na riƙe sitiyari kamar wani zai ƙwace. Sai da na bar gidajen ƙarshe, itatuwa suka rufe gefen hanya dama da hagu, sannan na tuna ban ko gyara zama ba tun da na shiga.

A nan wani abu ya zo mini wanda ban yi tsammani ba. Tun da aka haife ni ban taɓa zama ni kaɗai na tsawon lokaci ba. A gidanmu na Zogbeli ko wanka kake sai wani ya yi maka magana ta bayan ƙofa. A makaranta ɗaki ɗaya muke da wasu mata, kullum wata na waya, wata na soya albasa. Yau ga ni a cikin ƙarfe, ba mai tambayata komai. Da farko na tsorata, na kunna rediyo, na kashe. Daga baya na ji ina magana da ƙarfi, ina gaya wa motar da ke gabana ta yi hankali, ina ba ramin titi amsa. Har waƙar da muke yi a makarantar allo muna yara na rera, da muryar da ba zan yarda wani ya ji ba.

Techiman ranar kasuwa ce. Motocin doya, da kurayen masu dako, da mata ɗauke da kwanduna, duk sun sauko kan kwalta. Muka riƙa jan ciki. A wata 'yar gangara motar ta mace mini, na tayar ta sake macewa, na baya suka ɗora hannu a hon kamar na kashe wani. Wata mai tallar burodi ta leƙo ta tagar, ta ce mini da harshen Twi in bi a hankali, su ma masu hon ɗin ba da lasin aka haife su ba. Na yi dariya, na sake gwadawa, motar ta tashi. Na kira Baba bayan na fita garin, ya ce, "Kin wuce Techiman ranar kasuwa? To kin zama direba."

A Kintampo ya tambaye ni inda allurar mai take. Na faɗa masa, ya ce zai kai ni Buipe har da saura, in sha mai a can.

Bayan Kintampo ƙasa ke sauya fuska. Manyan itatuwan kudu su ja baya, sama ta buɗe, kaɗanya ta fara bayyana ɗai-ɗai cikin ciyawa. Damina ce, ko'ina shar. A bakin kowane ƙauye buhunan gawayi jere, an toshe bakinsu da ganye, suna jiran lorin da zai kai su kudu. Hanyar miƙaƙƙiya ce, kuma na fara jin ƙamshin gida. Na yi lissafin cewa azahar a Zogbeli zan yi ta, ko kaɗan bayanta. Ina wannan tunani na sha wata kwana, na tarar da jajayen fitilun birki jere har inda idona ya ƙare.

Na tsaya bayan wata motar siminti. Wani tsohon bas shaƙe da mutane ya tsaya a bayana. Da farko kowa ya zauna a motarsa injin na kaɗawa, ana zaton shingen 'yan sanda ne. Da zama ya yi tsawo, injuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka fara jin kukan tsuntsaye. Na kulle motar na bi mutane zuwa gaba in gani.

Lorin gawayi ne, an yi masa lodi har ya ninka tsayinsa. Taya ta fashe masa, ya kwanta a gicciye ya tare titin kaf, buhuna sun tarwatse har cikin rami. Direban na zaune ƙarƙashin wata bishiya an ɗaure masa hannu da ƙyalle, fuskarsa ta yi fari-fari, wani na ba shi ruwa a baki. Ba wanda ya mutu, kowa ya zo sai ya faɗi haka ya gode wa Allah. Wasu masu ƙananan motoci sun gwada ratsawa ta cikin ciyawa, na farko ya nutse a laka har gindin ƙofa. Masu gaggawa kuma daga ɓangaren biyu sun cika hannun da ba nasu ba, aka yi carko-carko, ko da an ɗaga lorin sai an sake warware wannan.

Na koma na kira Baba.

"A tsaye yake ko ya kwanta?"

"Ya kwanta, Baba."

"To nemi inuwa. Wannan sai an kawo abin da zai ja shi. Ki kashe injin, ki sha ruwa, kada ki sa wa ranki lokaci."

Rana ta take. Irin zafin damina ne mai nauyi, wanda iska ba ta motsi kuma tufafi ke manne wa jiki. Na buɗe ƙofofi na zauna ƙafafuna a waje. Ta madubi na hango mutanen bas ɗin bayana sun sauko duka, wasu sun shiga ƙarƙashin motar siminti. A gefen bas ɗin, cikin 'yar siririyar inuwarsa, an shimfiɗa zane an kwantar da wata tsohuwa, wata mata na yi mata fifita da kwali. Matar ta girme ni nesa, ta isa yayata ta fari. Ta dubi motata, ta kau da kai, ta sake duba. Can ta taso.

"Madam, gafara," ta ce da Hausar kasuwa. "Motar ka yana da sanyi? Uwa na ba shi da lafiya. Zafi ya yi masa yawa."

Na ji harshen mutanen Tamale a bakinta, sai na amsa mata da yarensu, Dagbanci, tunda a cikinsa na tashi. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, ta kama hannuna biyu. Na kwashe littattafan da ke kujerar baya na tura but, muka je muka ɗauko tsohuwar. Na shirya ƙarfina zan ɗaga nauyi, sai na ji ba ta fi yaron goye ba. Ƙafafunta ne kawai suka kumbura. Muka kwantar da ita, na tayar da injin, na kunna na'urar sanyi. Da iskar ta taɓa fuskarta ta ja dogon numfashi, ta ce, "Naawuni," wato ta ambaci Allah, ta rufe ido.

Na fita na sake kiran Baba, na gaya masa, don ina tsoron mai. Ya yi lissafinsa. Ya ce, "Ki kunna kaɗan, ki kashe kaɗan, gilasai a rufe. Ki sa ido a kan allurar mai da ta zafi. In mai ya ƙare ana samun wani, ki bar baiwar Allah ta huta."

Muka jingina da motar ni da 'yar tsohuwar. Na kira ta Yaya, ita kuma ba ta daina ce mini Madam ba ko da na hana. Ta ce tana sayar da shinkafa a kasuwar Tamale, gidansu a Gbalahi yake. Daga Tamale aka tura su babban asibiti a Kumasi, sun daɗe a can, tana kwana a baranda. Likitoci sun yi iya yinsu. Shekaranjiya babban cikinsu ya kira ta gefe, ya ce ta kai uwarta gida, ta ba ta duk abin da ranta ke so.

Na ce, "Ta sani?"

Ta ce, "Ita ta fara gaya mini, tun kafin likita. Ta ce in naɗe tabarma mu tafi, gyaɗarta na jiranta."

Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa murza bakin mayafinta. Na buɗe burodin tsaraba na gutsura mata, muka ci a tsaye.

Ban san daga ina masu talla suka ɓullo ba, don ba gari a kusa. Kafin a jima titin ya zama kasuwa: ruwan leda, dafaffen ƙwan zabi, gasasshiyar masara, matan Fulani da soyayyen wagashi a faranti, wato cukwin nono. Lokacin azahar ya yi, maza suka yi sahu a bakin kwalta bayan wani dattijo. Mu mata muka shiga ciyawa rukuni-rukuni, wasu na riƙe zane suna kare wasu, matan da ba mu taɓa ganin juna ba. Na yi salla a kan mayafina, Yaya ta zauna da uwarta, sannan muka yi musaya.

Ina zaune a kujerar direba na juyo, sai na ga idon tsohuwar a buɗe, tana kallona.

"Ina muke?"

"Mun kusa Buipe, Kaka. Mota ce ta faɗi a gaba."

"An yi ruwa a Tamale?"

Na ce Mma ta gaya mini an yi mai yawa a makon nan, har ya shiga zaure. Ta yi murmushi, daƙashi ya bayyana. Ta ce to gyaɗa ta sha. Ta ba ni labarin gonarta, wadda a da take tsakiyar gonaki, yanzu katangar sabon gida ta tsaya mata a gabas, wata a kudu. Ta ce masu gidajen mutanen kirki ne, suna gaishe ta ta saman katanga, amma inuwar ginin na cin kunya biyu na gyaɗarta kowace safiya. Tana magana tana hutawa. Sannan ta juyo kaina.

"Ke 'yar wa ce? Ina mijinki da ya bar ki da mota a daji?"

Na gaya mata. Ta tambayi ko ina da ɗa. Na ce mace ɗaya, tana wurin Mma. Na yi niyyar tsayawa nan, amma bakina ya ci gaba. Na faɗa mata zancen wayar, da numfashin, da gudun. Na ce tsorona in isa gida ta dube ni kamar baƙuwa. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko maigidana. Sai ga hawaye, na goge da bayan hannu.

Daidai nan Yaya ta buɗe ƙofa ta shigo. Tsohuwar ta nuna ta da haɓa.

"Kin ga wannan? Tana tatata na bar ta wurin uwata na tafi Kumasi dako. Shekarar an yi fari, ba abin da aka girba. Na yi ta ɗaukar kayan mutane a ka har damina ta zagayo. Ran da na dawo na miƙa hannu zan ɗauke ta, ta gantsara mini cizo a nan." Ta ɗaga siririn hannunta tana neman wurin.

Yaya ta ce, "Kullum sai ta ba da labarin nan. Kuma kullum wurin cizon sauyawa yake."

"Rufe mini baki. Na yi kuka ranar kamar an yi mini mutuwa. Uwata ta ce in daina binta, in zauna in yi harkata inda za ta riƙa ganina. Yaro kamar kaza ne, in ka bi shi ya gudu." Ta numfasa. "To ga ta nan. Ita ke juya ni, ita ke wanke ni. Sauran da na goya ban taɓa barinsu ba, suna can suna aiko gaisuwa."

Yaya ta juya fuska wajen taga.

Can tsohuwar ta hango farantin wagashi ya gifta, ta ce shi take so, da yaji. Yaya ta buɗe baki za ta ce an hana ta gishiri da mai, sai ta fasa. Ta sauke gilashi ta kira mai tallar. Ta murmushe shi ƙanana a tafin hannu tana ba ta. Ba ta ci na kirki ba, yajin ta fi lasa, amma ta ce tun da ta shiga asibiti yau ne ta san tana da harshe.

Duk wannan lokaci maza na can suna kwashe buhuna da hannu, fasinja da direbobi da mutanen ƙauyen da ke kusa. Sukan dawo neman ruwa baƙi ƙirin, ido da haƙora kawai ake gani. Wani mai farar riga da na gani da safe yana faɗa a waya da Turanci, shi ma ya tuɓe ta ya shiga. Ni kuma ina kunnawa ina kashewa, ina kallon allurar mai tana sauka a hankali kamar ranar da ke sama. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, aka tsuge da ruwa. Kowa ya ruga mota. Wasu mata biyu daga bas ɗin suka cusa kansu wurinmu, ɗaya a gaba, ɗaya ta tsuguna a ƙafar tsohuwar. Ruwan da ke gangarowa ta titin baƙi ne kamar tawada. Na kashe injin gaba ɗaya, don gari ya yi sanyi da kansa. Tsohuwar ta ce a ɗan sauke mata gilashi, ta miƙa yatsunta waje.

Ruwan na tsagaitawa muka ji ihu da tafi daga gaba. An samo wata katafila daga inda ake gyaran hanya, ta ja lorin gefe. Sai da aka ƙara ɓata lokaci ana lallashin waɗanda suka tare hannun wasu su ja baya, amma an fara motsi. Matan biyu suka koma bas. Na ce wa Yaya, "Ku zauna kawai. Tamale zan je, zan kai ku har ƙofar gida a Gbalahi. A sauko da kayanku."

Ta yi murna, ta ce bari ta gaya wa direba. Kafin ta fita motar siminti ta matsa gaba kaɗan, na baya suka fara hon. Na tayar da sauri, na saki kuloci da gaggawa, motar ta yi tsalle ta mace. Na sake, ta sake zabura ta mace. Tsohuwar ta dafe kujera.

"Jikata," ta ce, "yaushe kika fara tuƙi?"

"Na daɗe, Kaka. Doguwar tafiya ce dai yau na fara."

"Na ji ubanki na koya miki a waya." Ta juya wajen 'yarta. "Mayar da ni bas."

Yaya ta ce, "Haba, a nan kin fi sakewa."

"Na sani. Yarinyar kirki ce, Allah ya yi mata albarka. Amma ni a ɗakina nake so in mutu, ba a gadar Buipe ba."

Dariya ta ƙwace mini, Yaya ma haka, har tsohuwar ta taya mu tana tari. Ba yadda ba mu yi ba, ta ƙi. Muka ɗauke ta muka mayar, mutanen bas suka ba ta kujerar gaba kusa da taga. Ta kama kaina da hannu biyu ta yi mini addu'a doguwa, direba na jira. Na karɓi lambar Yaya a gurguje. Daga baya mun yi waya sau da yawa, na kuma je Gbalahi na gaishe su kafin hutu ya ƙare. Tsohuwar ta ga an cire gyaɗarta, an shanya a tsakar gida inda take iya hangowa daga ɗaki. Na koma makaranta ba da daɗewa ba Yaya ta kira ta ce tsohuwar ta cika, da safe, a kan tabarmarta.

Amma a ranar, abin da na sani kawai shi ne bas ɗin ya wuce ni tun kafin Buipe, na ga hannu na ɗaga mini ta taga. Na bi ta gefen lorin a hankali, tayoyi na murƙushe gawayi. Na hau gadar hannuwana a ƙage, ban ko kalli kogin ba sai da na sauka. Na sha mai a Buipe allurar na gab da ja. Masu soyayyen kifi suka kewaye motar, na saya wa Baba, don na san zai tambaya. Na kira shi, ya ce, "Saura ƙiris. Yanzu ne direba ke yin ganganci, ki kula."

Daga nan hanya ta zama tawa. Kwalta a jiƙe tana sheƙi, rana ta faɗo ta hagu, kwaɗi sun fara kuka a fadamu. Motar ta yi mini faɗi. Ƙamshin man kaɗe da na maganin asibiti bai bar kujerar baya ba, har nakan juya in duba. Ban kunna rediyo ba, ban yi waƙa ba. Na haye gada ta biyu a Yapei, wannan karon na saci kallon ruwan, ya cika ya yi ja. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo, ya dubi kujerun, ya ce, "Madam, ke kaɗai daga ina?" Na ce Kumasi. Ya ɗaga gira, ya buɗe mini hanya.

Ana kiran magariba na shiga Tamale. Babura suka kewaye ni ta ko'ina, da kekunan haya masu ruwan ɗorawa, da tumakin da ba su san hon ba. Cunkoson cikin gari ya riƙe ni kusa da kasuwa, amma ko a jikina, don nan na san kowane rami. Da na karyo kwanar layinmu a Zogbeli na hango Baba tsaye a ƙofar gida da buta a hannu, ya karkata kai yana sauraro. Ya gane injin kafin ya ga motar. Maigidana na zaune a benci, ƙafarsa a naɗe, ya dogara sanda ya miƙe. Na tsaya, na ja birkin hannu, na buɗe ƙofa. Na ɗan zauna a wurin ina hutawa. Baba ya lalubo bonet ya ɗora tafinsa, ya jima, ya ce, "Ba ki wahalar da ita ba." Ya wuce masallaci.

Mma ta fito tana faɗa tana rungumata lokaci guda. A bayan zanenta na ga 'yata. Ta yi tsawo, an yi mata kitson da ban san shi ba. Na tsuguna na kira ta. Ta dube ni, ta dubi motar, ta ƙara shigewa bayan Mma. Hannuna ya yi ta son miƙewa, na riƙe shi. Na tashi na shiga ciki, na yi wanka da ruwan zafin da Mma ta dafa, na rama sallolina, na zauna a tabarma na ci tuwo da miyar ayoyo, wato lalo. Tana can bakin ƙofa tana leƙe. Ta karɓi burodi daga hannun ubanta, ba daga nawa ba. A ɗakin Mma ta kwana, ni ma nan na shimfiɗa tabarmata, can gefe.

Gajiya ta sa na makara, ko kiran asuba ban ji ba sai da Mma ta tashe ni, na yi salla na koma. Da na sake buɗe ido rana ta shigo ɗaki, ƙafata ta hagu ta sandare kamar itace. Yarinyar na tsugune kusa da kaina, da kofin koko a hannu, ta zuba mini ido. Ban motsa ba. Ta daɗe tana dubana, sannan ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya.

"Mma! Wannan tana minshari."

Mma ta amso daga madafa, "Uwarki ce, haka take tun tana kamarki. Tambaye ta ko za ta sha koko."

Ta juyo, ta yi ɗan tunani, ta kurɓi kokon, sannan ta miƙo mini sauran.